Farautar Kaka da Littafin Lissafi: Sharhi a kan Labarin "The Bear" na William Faulkner

Gabatarwa

A cikin shekarar 1955 kamfanin ɗab'i na Random House ya fitar da wani littafi mai suna Big Woods, wanda ya tattara labaran farauta guda huɗu na marubucin nan na Amurka, William Faulkner (1897-1962). Na farkonsu shi ne "The Bear", watau labarin beyar, wanda ya riga ya fito tun 1942 a cikin littafin Go Down, Moses. Duk wanda ya ajiye bugun biyu kusa da juna zai ga bambanci nan take. A bugun 1942 labarin kashi biyar ne. A na 1955 kuwa an zare kashi na huɗu ɗungurungum, alhali shi ne mafi tsawo. Da ɗalibai suka yi wa Faulkner tambaya a Jami'ar Bajiniya, inda ya zauna a 1957 da 1958, sai ya nuna musu cewa wannan kashi na littafin gaba ɗaya ne, mai son labarin farautar kaɗai yana iya tsallake shi.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa marubucin ya yi wa aikinsa rashin adalci a wannan hukunci. Kashin da aka zare shi ne ke bayyana su wane ne mafarautan, da abin da suka baro a gida sa'ad da suka shiga daji, da kuma iyakar amfanin abin da dajin ya koya musu.

Daji da lokacin farauta

Ya kamata a fara share fage, domin abubuwa biyu za su iya rikita mai karatu Bahaushe. Na farko shi ne lokaci. A ƙasar Hausa farauta aikin rani ce, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe. A jihar Misisipi, inda labarin ya faru, watan Nuwamba ne lokacinta, watau ƙarshen kakarsu, sa'ad da ganyaye ke zuba, sanyi ya fara shigowa, an kuma ci ƙarfin ɗibar auduga. Na biyu shi ne ita kanta dabbar. Babu beyar a dazukan Afirka ta Yamma. Dabba ce mai baƙin gashi da farata masu ƙarfi, tana iya miƙewa bisa ƙafafunta na baya, babban namiji kuma yakan haura kilo 150. Ita da barewa mai farar wutsiya, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa, su ne manyan namun dajin fadamun kogin Misisipi.

Irin wannan farauta tana da tarihi sananne. A watan Nuwamba na 1902 Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je farautar beyar a wannan jiha. Jagoransa Holt Collier ne, baƙar fata da aka haifa cikin bauta, wanda ya shahara ƙwarai wajen sanin daji. Collier ne ya rutsa beyar, ya ɗaure ta a jikin itace, shugaban kuma ya ƙi harbin ɗaurarriyar dabba. Labarin ƙin harbin ya karaɗe duniya har aka sa wa 'yar tsanar yara sunan shugaban, sunan Collier kuwa ya daɗe bai wuce bakin mutanen yankinsu ba. Wannan rabon aiki da rabon suna yana nan a cikin sansanin da Faulkner ya ƙaga, kamar yadda za a gani.

Karatun daji

Tauraron labarin shi ne Isaac McCaslin, wanda ake kira Ike, haifaffen 1867, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka. Yana da shekara 10 aka fara tafiya da shi sansanin Manjo de Spain, inda manyan garin Jefferson ke yin mako biyu kowace Nuwamba. Akwai Janar Compson, da McCaslin Edmonds, ɗan'uwan Ike wanda ya rene shi, da Boon Hogganbeck, ƙato mai zuciyar yaro wanda bai taɓa harbin abu ya samu ba. Abin da ke tara su shi ne wani tsohon beyar mai suna Old Ben, wanda tarko ya lalata wa ƙafa guda, har ana gane sawunsa ko'ina. Kowace shekara a bi shi, kowace shekara ya kuɓuce. Da aka kashe shi daga baya, an tarar da harsasai 52 a ƙarƙashin fatarsa. Wanda ya saba jin labaran maharba a ƙasar Hausa ya san irin wannan dabba da ake cewa ba ita kaɗai take ba, wadda kibiya ba ta kama ta, kuma ba a fita nemanta sai da shiri.

Malamin Ike shi ne Sam Fathers, tsoho ɗan sarkin ƙabilar Chickasaw da wata baiwa. A labarin "The Old People", wanda ke gaban "The Bear" a littafin 1942, Sam ne ya shafa wa yaron jinin barewarsa ta farko a fuska, yana ɗan shekara 12. Abin da Sam ke koyarwa ya wuce iya harbi. Yana koyar da haƙuri da ƙanƙan da kai, da cewa mutum yana iya jin tsoro ba tare da ya zama matsoraci ba.

A nan ne Faulkner ya fi gwaninta, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. Dubi yadda Ike ya fara ganin Old Ben. Ya yi ta yawo da bindiga bai gan shi ba, sai Sam ya gaya masa bindigar ce ke hana shi. Ya ajiye ta, ya fita tun da duhu, ya yi tafiyar sa'o'i, shiru. Sa'an nan ya gane har yanzu yana ɗauke da kayan gari: agogo da na'urar nuna alƙibla. Ya rataye su a wani ƙaramin itace, ya nutsa cikin daji har ya ɓata. Sai ga sawun gurguwar ƙafar a cikin taɓo, ruwa na tsattsafowa yana cika shi, alamar yanzu aka ɗaga ƙafa. Ya bi sawun, ya kai shi daidai inda ya bar kayansa, beyar kuma na tsaye yana dubansa. Abin lura, wanda masu sharhi kan wuce, shi ne wannan gamo bai faru a lokacin farauta ba. A watan Yuni ne, sa'ad da ayarin ya zo hutun bazara. Ke nan mafi girman abin da ya sami yaron a daji ya same shi ne ba bindiga, ba karnuka, ba abokan farauta. Darasin da ya ɗauka shi ne cewa ana samun abu ta hanyar sakinsa. Sauran labarin duka gwajin wannan darasi ne.

Kisan kansa ya zo da sauri. Sam ya kama wani ƙaton karen daji, ya horar da shi da yunwa, aka sa masa suna Lion. A farautar 1883, wadda ta zarce har cikin Disamba, Ike na da shekara 16, karen ya cafke beyar a maƙogwaro, Boon ya daka tsalle ya haye bayansa ya soke shi da wuƙa. Beyar ya faɗi, karen ya mutu da raunukansa, Sam kuma ya yanke jiki ya faɗi, bayan 'yan kwanaki ya cika. A kashi na biyar Ike ya koma dajin bayan Manjo de Spain ya sayar wa wani kamfanin katako na Memfis itatuwan. Ya tarar da Boon zaune a gindin wata bishiya cike da kurege, yana dukan bindigarsa da ta lalace, yana ihu kada kowa ya taɓa masa su, nasa ne.

Idan aka karanta waɗannan kashi huɗu kaɗai, kamar yadda Big Woods ya kawo su, jigon a fili yake: kukan rabuwa da daji, da yabon mazan jiya. Mugun a labarin shi ne jirgin ƙasan katako da zarto. Wannan jigo yana da tushe, domin kuwa sarar itatuwa da faɗaɗa gonakin auduga sun kusa ƙarar da beyar a Misisipi, har jihar ta hana farautarta a 1932. Sai dai labari ne da marubuta da yawa za su iya bayarwa, kuma yana barin mafarautan da tsabtar da ba su cancanta ba.

Kashi na huɗu

Kashi na huɗu ya fitar da mai karatu daga daji, ya kai shi kantin gandun McCaslin a 1888, ranar da Ike ya cika shekara 21, gadon kakansa ya zama nasa. Ya ce ba ya so. Kashin duka muhawara ce tsakaninsa da McCaslin Edmonds, ga kuma tsofaffin littattafan lissafin gandun a kan kanta, waɗanda mahaifin Ike da tagwayensa suka riƙa rubuta sayen bayi da haihuwarsu da mutuwarsu a ciki.

Ike ya karanta waɗannan littattafai ne yana da shekara 16, watau cikin sanyin da aka kashe Old Ben, kuma ya karanta su kamar yadda Sam ya koya masa bin sawu. Babu inda aka rubuta laifin ɓaro-ɓaro. Akwai dai baiwa mai suna Eunice, wadda kakansa Carothers McCaslin ya je har New Orleans ya sayo da tsada, ya aurar wa wani bawansa. Akwai 'yarta Tomasina. Akwai rubutun cewa Eunice ta nitse a rafi ran Kirsimeti na 1832, da gardamar 'yan'uwan biyu a kan ko kashe kanta ta yi. Akwai mutuwar Tomasina wajen haihuwa a Yunin 1833, wata shida bayan haka. Sa'an nan akwai wasiyyar dala 1,000 ga jaririn, wanda aka sani da Tomey's Turl. Yaron ya jera waɗannan alamu ya kai ga abin da ya faru: kakansa ya haifi Tomasina da baiwarsa, ya kuma yi wa 'yar tasa ciki, uwar ta gane, ta faɗa ruwa. Wannan ita ce farauta ta biyu a cikin labarin, ta kuma fi ta farko ban tsoro. Wanda ya zare ta ya bar Ike da ilimin bin sawu ba tare da ya nuna babban abin da ya taɓa bi da shi ba.

Akwai wani bambancin shari'a da ya wajaba a bayyana, in ba haka ba nauyin al'amarin zai kuɓuce. A ƙasar Hausa ta dā, ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, har sarauta yana iya ci. A kudancin Amurka, tun dokar Bajiniya ta 1662, ɗa yana bin matsayin uwarsa ne. Saboda haka Turl, ɗan mai gandu kuma jikansa, bawa ne a gandun ubansa, kuma dala 1,000 ɗin nan ta fi wa tsohon sauƙi a kan ya kira shi ɗansa.

Da wannan sani, sai a koma sansanin farauta a sake duban mutanensa. Mai riƙe karnuka, wanda ake kira Tennie's Jim, ɗan Turl ne. Ke nan shi da Ike kakansu ɗaya, ɗaya na riƙe da bindiga, ɗaya na riƙe da igiyar karnuka. Ash, tsohon kuku, da ya nemi a bar shi shi ma ya fita harbi sau ɗaya, sai abin ya zama na dariya. Shi kansa Sam Fathers, wanda manazarta da yawa suka ɗauka a matsayin muryar dajin da bai san ciniki ba, ubansa ne ya sayar da shi tare da uwarsa ga Carothers McCaslin. Ƙasar da ake farautar a kanta kuwa ta Chickasaw ce, waɗanda suka sallama ta a yarjejeniyar 1832, aka kuma kwashe su zuwa yamma daga 1837. Mai ba da labarin yakan nuna cewa a daji babu fari babu baƙi, sai mafarauci. Kashi na huɗu ne ya bayyana cewa wannan daidaito na mako biyu ne a shekara, kuma ko a cikin makon biyun an san wanda ke hura wuta da wanda ke zaune yana jiran abinci.

Ba za a ɓoye ba, kashin yana da aibi. Jimla guda takan ci shafuka, ana tsallake alamomin rubutu, sau da yawa mai karatu ba ya sanin wa ke magana. Bayanin da Ike ya yi game da nufin Ubangiji a kan yaƙin basasa ya yi tsawo, ya kuma fi kama da wa'azin marubuci a kan zancen saurayi ɗan shekara 21. Mai yiwuwa wannan nauyi ne ya sa aka ga dacewar zare shi daga littafin da aka shirya wa masu sha'awar farauta, har da zane-zanen namun daji. Amma wahalar salon ta dace da abin da ake tonowa. A daji jimlolin Faulkner suna tafiya gaba, suna bin dabba; a kanti kuwa kewaye suke yi, suna komawa baya, kamar mutumin da ya san abin da zai tarar yana jan ƙafa.

Kakar ƙarshe

Tambayar da ta rage ita ce ko Ike ya yi daidai da ya ƙi gadon. Manazarta na farko, musamman R. W. B. Lewis a maƙalarsa ta 1951, sun ɗauke shi gwarzo wanda ya tsarkake kansa daga zunubin kakanni. Hujjarsu ba ta rasa ƙarfi. Ike ya yi ɗawainiyar kai wa 'ya'yan Turl kuɗin wasiyyarsu, har Akansas ya je neman Fonsiba, ya kuma bi sawun Jim zuwa Tenesi bai same shi ba. Ya zama kafinta, ya zauna a ɗakin haya, ya rasa zaman lafiya da matarsa saboda ya ƙi karɓar gandun, bai kuwa haihu ba.

Sai dai gandun bai koma hannun waɗanda aka zalunta ba. Ya faɗa hannun zuriyar Edmonds, baƙaƙen da ke nomansa suka ci gaba da noma kamar dā. Ike ya yi wa gado abin da ya yi wa agogo da na'urar alƙibla, ya rataye shi ya wuce. A daji wannan ya kai shi ga ganin beyar. A gari kuwa abin da ya saki wani ne ya ɗauka, tare da ikon da ke cikinsa a kan rayuwar mutane. Faulkner kansa, a tattaunawar Bajiniya, ya sa Ike cikin mutanen da ke ganin ɓarna su janye jikinsu, ya ce waɗanda ake bukata su ne masu tashi su gyara. Abin mamaki ne a ce wanda ya fahimci tauraronsa haka shi ne ya yarda a cire shafukan da ke nuna janyewar.

Labarin "Delta Autumn", wanda ke biye da "The Bear" a littafin 1942, shi ne ya yanke hukunci. Nuwamba ce kuma, Ike ya doshi shekara 80. Dajin da dā ake isa da keken doki, tafiyar mil 30, yanzu sai an yi mil 200 a mota. Mai gandun yanzu shi ne Roth Edmonds, jikan McCaslin Edmonds. A hanya wani abokin farauta, Will Legate, yana ta yi masa ba'a a kan wata barewa mace da ya ce Roth na bi da dare, kowa kuma ya gane mace ake nufi. Da safe Roth ya ba tsohon ambulan na kuɗi, ya ce wata za ta zo, a ba ta, a gaya mata a'a, ya fice daji. Matar ta zo da jariri a hannu. Cikin magana Ike ya gane baƙar fata ce, ta kuma gaya masa cewa kakanta shi ne Tennie's Jim.

Yana da muhimmanci a san cewa a bugun farko na wannan labari, a mujallar Story, mutumin sunansa Don Boyd, ba shi da dangantaka da gidan McCaslin. Da Faulkner ya zo haɗa littafin sai ya mai da shi Roth Edmonds. Da wannan gyara guda ya sa laifin 1832 ya maimaita kansa bayan shekara ɗari da 'yan kai: namiji daga ɓangaren farare, mace daga ɓangaren baƙaƙe na gida ɗaya, da kuɗi a madadin amsa sunan uba. Marubucin da ya yi wannan gyara ya san sarai cewa tantin farauta da kantin gandu labari ɗaya suke bayarwa.

Abin da Ike ya yi a wannan gamo shi ne ma'aunin karatun dajin. Ya firgita. Ya ce a ransa irin wannan aure sai nan da shekara dubu ko dubu biyu. Ya matsa mata ta karɓi kuɗin, ya shawarce ta ta koma Arewa ta auri baƙi ɗan'uwanta. Ita kuwa ta tambaye shi ko tsufa ya mantar da shi duk abin da ya taɓa sani game da ƙauna, bai sami amsa ba. Faulkner bai mai da shi mugu ba. Tsohon ya miƙa hannu ya taɓa nata, ya kuma ba jaririn ƙahon farautar da Janar Compson ya bar masa, mai ɗaurin azurfa. Amma ƙaho ne na kiran karnuka a dajin da ya kusa ƙarewa, aka ba yaron da za a tafi da shi birni, alhali gandun da yake da jini a cikinsa ta wajen uwa da ta wajen uba ya riga ya fita daga hannun mai kyautar tun 1888. Bayan ta tafi, Legate ya shigo tantin da gaggawa yana neman wuƙa, ya ce Roth ya kashe barewa, ya ƙi faɗin ko wace iri ce. Tsohon yana kwance a gadonsa, ruwan sama na sauka bisa tanti, ya gane da kansa cewa mace ce, wadda dokar farauta ta hana a harba.